Rikicin Gadon Sarauta a Kan Tebur: Nazarin Wani Shiri na Wasan Dungeons & Dragons

Lamarin da za a duba a nan na wani rukuni ne na mutum shida da ke haɗuwa a ƙarshen mako suna buga Dungeons & Dragons, wasan nan na kan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wanda kamfanin Wizards of the Coast ke riƙe da shi tun 1997. A wannan wasa mutum ɗaya ne jagora, shi ke riƙe da duniyar labarin da duk mutanen cikinta, sauran kuwa kowa yana da jaruminsa guda da yake magana da bakinsa yana yanke shawara a madadinsa, idan kuma aka zo kan abin da ba a da tabbacin zai yiwu sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama. Rukunin yana amfani da dokokin bugu na biyar na 2014, kuma jarumansu sun kai mataki na biyar a matakan ƙarfi na wasan bayan sun daɗe suna shiga kogo suna fita da dukiya. Jagoran ya ga lokaci ya yi da za a ɗauke su daga daji a kai su fada, sai ya zauna ya tsara rikicin gadon sarauta, ya kawo mini shirin domin in duba kafin a fara.

Shirin farko irin wanda kowa ya sani ne. An sa wa tsohon sarki guba, ƙanensa ya haye karaga, magajin gaskiya kuma yana ɓoye a wani ƙauye bai ma san ko shi wane ne ba, aikin jaruman shi ne su gano mai laifi, su nemo yaron, su mayar da shi gidan ubansa. A littafin hikaya wannan zai yi tafiya, amma a kan tebur ba zai kai zama biyu ba, kuma dalilin yana rubuce a takardar ɗaya daga cikin 'yan wasan, mai riƙe da jarumar da ke aikin asiri. A mataki na biyar tana da sihirin da ke sa gawa ta amsa tambayoyi biyar, tana da wanda ke hana duk wanda sihirin ya kama a cikin da'irarsa mai nisan ƙafa 15 yin ƙarya da gangan har tsawon minti 10, tana da wanda ke aika saƙon kalma 25 ga mutumin da ta sani komai nisansa. Idan ta kai mataki na tara za ta iya tayar da wanda bai wuce kwana 10 da mutuwa ba, muddin akwai lu'ulu'u na tsabar zinariya 500 kuma ran mamacin ya yarda ya dawo. Duk makircin da ya tsaya a kan tambayar wa ya kashe sarki, ko wane ne ɗansa na gaskiya, to tambaya ce da ke da amsa guda, sihirin wasan kuwa an yi shi ne musamman domin tono irin waɗannan amsoshi.

Abin da jagorori da yawa ke yi a nan shi ne su hana. Sai ka ji an ce an ƙone gawar, ko an kafe fadar da wani asiri da ke kashe kowane sihiri, ko kowane bafade yana sanye da zoben da ke kare shi. Ina ganin wannan rashin adalci ne ga ɗan wasan da ya zaɓi wannan baiwa ya kuma yi haƙuri har ya same ta, sannan 'yan wasa suna gane lokacin da aka rufe musu ƙofa don kawai jagora yana kare labarinsa, daga nan kuma sai su daina ƙoƙari su jira a faɗa musu inda za su je. Shawarar da na bayar ita ce a bar sihirin ya yi aikinsa sarai, a sauya tambayar ta koma wadda sanin gaskiya ba ya warware ta.

Misalin da muka ɗauko na kusa ne, wato Yaƙin Basasa na Kano. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari ya naɗa ɗansa Tukur, wanda ke riƙe da sarautar Galadima, bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ɗan'uwan Bello da ya riga shi mulki, ba su yarda ba, suka fita daga birni suka tattaru a Takai ƙarƙashin Yusufu, aka riƙa kiransu Yusufawa, ɗaya ɓangaren kuma Tukurawa. Yusufu ya rasu a Garko a 1894 tun ba a ci birnin ba, amma tafiyar ba ta watse ba, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi ragama, ya shiga Kano a wannan shekara, Tukur ya fita har ya rasa ransa a 1895, Aliyu kuma ya yi mulki har zuwan Turawa a 1903. Abin lura ga mai tsara wasa shi ne babu wani ɓoyayyen sirri a wannan rikici. Kowa ya san wane ne ɗan wane, kowa ya san abin da Sakkwato ta ce, kuma duka ɓangarorin jikokin Ibrahim Dabo ne. Gardamar tana kan wa ke da ikon naɗi, da ko sarauta za ta tsaya a ɗaki ɗaya ta bar wani, da kuma makomar masu sarauta da bayin sarki idan wannan ya hau ko wancan. Da a ce akwai mai sihirin hana ƙarya a fadar Kano a wancan lokaci, da zai tarar kowane ɓangare yana faɗin gaskiyarsa.

Tarihin nan siffarsa kawai aka ara. Ba a sa sunan Kano ko na wani gida a wasan ba, an ma cakuɗa sarautu daga ƙasashe daban-daban domin kada birnin ya yi kama da wani gari takamaimai, saboda zuriyar mutanen suna nan da ransu, maganar sarautar Kano kuwa tun 2020 ba abin wasa ba ce a bakin kowa.

A sabon shirin tsufa ne ya kashe sarki, ba guba ba, kuma ransa ba ya son dawowa, don haka ko an samo lu'ulu'un ba zai tashi ba. Masu neman gadon uku ne. Akwai Ciroma, babban ɗan marigayi, wanda ya iya lissafin haraji da shari'a amma bai taɓa jagorantar yaƙi ba, mahaya kuma ba sa ganin girmansa. Akwai Ɗan Iya, ɗan yayan marigayi wanda ya yi sarauta kafinsa, jarumi ne mai kyauta da jama'a, amma ya ci bashin fatake har wuya kuma ya riga ya yi wa mutum uku alkawarin sarauta ɗaya. Sai kuma wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, jikan marigayi, wanda Magajiya, ƙanwar sarki, ke tsaya wa, mahaifiyarsa kuma 'yar babban sarkin nan ce na ƙetaren kogi da masarautar ke kai wa gaisuwa kowace shekara, wanda sai ya aiko da alkyabba naɗi yake cika. An ba kowanensu hujja ɗaya da mai hankali zai iya karewa da aibi ɗaya da mai hankali zai iya ƙi, kuma jagoran ya ɗau alkawarin ba zai zaɓi gwaninsa a ransa ba. Wannan alkawari ya fi komai wuya, domin wanda ya ƙirƙiri mutum uku da wuya bai fi son ɗaya ba, kuma son yana fitowa a murya idan ana kwaikwayonsu.

Masu zaɓen sarki huɗu aka yi da gangan, Madaki da Makama da Ƙaura da Durɓi, domin a iya yin kunnen doki. A nan ne aikin ya fi yawa, kuma a nan ne shirin ya samu rai. Ba a rubuta wa kowanensu wanda yake so ba, an rubuta abin da yake tsoro. Madaki tsoho ne, yana jin tsoron kada sarautarsa ta bar gidansu bayan ransa, ya kuma san Ɗan Iya ya yi wa wani alkawarinta. Ƙaura shi ke riƙe da dawaki, ya san idan aka naɗa Ciroma rabin mahayansa za su bi Ɗan Iya su fita, shi kuma zai zama mai rundunar da babu kowa a cikinta. Makama 'yarsa tana auren Ciroma, ƙuri'arsa a fili take, amma shi ne ya sa hannu a matsayin shaida a wata yarjejeniya da zai so a manta da ita. Durɓi kuwa garuruwansa suna bakin kogi, su ne farkon waɗanda za a ƙone idan babban sarkin ƙetare ya yi fushi, saboda haka zuciyarsa tana wajen yaron ko da bai taɓa ganinsa ba. Idan aka san tsoron mutum, jagora ba ya buƙatar rubuta abin da zai ce a kowane hali, domin duk abin da 'yan wasa suka zo da shi zai iya auna shi da wannan tsoro ya san amsar nan take.

A ƙarƙashin waɗannan akwai mutanen cikin gida, waɗanda ba su da ƙuri'a amma suna riƙe da mabuɗai: Shamaki mai kula da barga da ma'aji, da Sallama wanda ba a ganin sarki sai ta hannunsa, da wata jakadiya da ke shiga inda namiji ba ya shiga. Su ne suka ɓoye rasuwar a daren farko, dabarar da muka aro daga abin da ya faru a 1566, lokacin da Sultan Sulaiman na Daular Turkawa ya rasu a sansanin yaƙi a Sigetbar ta ƙasar Hangari, wazirinsa Sokollu Mehmed Pasha ya rufe maganar makonni har ɗansa Salim ya samu damar karɓar mulki. A wasan, ta wannan ƙofa jaruman suka shigo. Sallama ne ya aika aka kira su da tsakar dare, saboda baƙi ne da ba su yi wa kowane gida mubaya'a ba, ya nuna musu gawar, ya ba su wasiƙa su kai ƙetaren kogi. Tun daga zaman farko ke nan suna riƙe da abin da kowane ɓangare zai biya kuɗi mai yawa ya sani, kuma suna da zaɓin su kai wasiƙar, ko su buɗe ta, ko su sayar da labarin. Rikicin fada yakan mutu a kan tebur ne idan 'yan wasa suka zama 'yan kallo, suna zaune jagora yana magana da kansa da muryoyi huɗu, maganin hakan kuwa shi ne a sa wani abu mai nauyi a hannunsu tun kafin su fahimci darajarsa.

Sai maganar lokaci. Masu makirci ba sa gaggawa sai an matsa musu, haka ma 'yan wasa, suna iya cinye zama guda suna shawara. Saboda duniyar ta almara ce, aka sa wa'adin ya fito daga cikinta: birnin yana da tsohon alkawari da dodon kogi, wanda sai sarki mai rawani ya je ya sabunta shi a daren da sabon wata ya tsaya, in ba haka ba ruwa ya ci unguwannin gangare. Dodon bai damu da jini ko asali ba, kowa aka naɗa ya wadatar da shi, don haka ba ya zaɓar wa mutane sarki, yana dai hana su jinkiri. Na dage a kan wannan, domin da farko jagoran ya so a sa wani takobi da ba ya fita daga kube sai a hannun magajin gaskiya, wanda da an yi haka da an koma gidan jiya. Don bin sawun abubuwa aka yi amfani da dabarar agogo da wasannin Apocalypse World na 2010 da Blades in the Dark na 2017 suka yaɗa: a zana da'ira a raba ta gida shida ga kowane ɓangare, duk lokacin da ya ci gaba ko jaruman suka yi sakaci a cike gida ɗaya. Agogon Ɗan Iya idan ya cika zai fita daga birni da mahaya, na Ciroma idan ya cika za a kama 'yan ɗakin baffansa, na Magajiya idan ya cika rundunar ƙetare za ta sauka a bakin kogi da sunan rakiyar alkyabba. Jagoran ya rubuta abin da zai faru kwana bayan kwana idan jaruman ba su yi komai ba, shafi ɗaya tak, bai kuma rubuta ƙarshen labarin ba.

Zaman da ya nuna ko shirin ya tsaya da ƙafarsa shi ne wanda aka yi magana da gawar. Dokar sihirin ta ce idan aka yi wa gawa tambayoyi, ba za a sake iya yi ba sai bayan kwana 10, kuma wata zai tsaya kafin nan, ke nan tambayoyi biyar ɗin nan dukiya ce da wanda ya riga ya kwashe. Jaruman suka ji cewa malamin Ciroma yana hanya, suka riga shi shiga ɗakin ta hannun jakadiya, suka ɓata kusan rabin awa a kan tebur suna gardamar yadda za su jera tambayoyin. Dokar ta kuma ce gawa ba ta san komai ba sai abin da ta sani tana raye, amsarta gajera ce mai duhu, kuma ba dole ba ne ta faɗi gaskiya ga wanda ta ɗauka maƙiyi, saboda haka mai asirin ta durƙusa ta fara da gaisuwa. Ta ce, "Allah ya ji ƙan zaki, wa ka fi so ya gaje ka?" Gawar ta ce, "Ɗana." Ta ce, "Ka taɓa yi wa wani alkawarin gadon nan?" Gawar ta ce, "Na dafa littafi a gaban yayana, Makama yana tsaye, na ce bayana sarauta za ta koma ɗakinsa." Duka amsoshin gaskiya ne, kuma sun bar jaruman a inda suke, sai dai yanzu sun san abin da Makama yake so a manta.

Da suka je wurin Madaki, ɗaya daga cikinsu ya nemi jefa ɗan lido don ya shawo kansa, ya kuwa samu lamba mai kyau. Ƙa'idar da aka tsayar tun farko ita ce jifa ba ya sayen ƙuri'a, abin da yake samarwa shi ne mutum ya buɗe baki ya faɗi farashinsa. Jarumin ya ce, "Ranka ya daɗe, gari yana jiran bakinka." Madaki ya sallami fadawansa, ya daɗe yana gyara bakin rawaninsa, sannan ya ce, "Yaro, ni na kusa. Wanda zai rubuta mini cewa ɗana zai zauna a wannan shimfiɗa, shi ne sarkina." Daga nan aiki ya koma hannun 'yan wasa, domin takardar da Madaki yake so Ciroma zai iya bayarwa cikin sauƙi, Ɗan Iya kuwa ba zai iya ba sai ya saɓa wa babban mahayinsa. Sun gwada da'irar hana ƙarya a kan Ɗan Iya, ta kuma kama shi, amma dokar ta ba wanda aka kama damar kauce wa tambaya muddin bai faɗi ƙarya ba, shi kuwa mutumin fada ne, sai ya riƙa amsa kowace tambaya da tarihin ubansa.

Akwai inda shirin ya yi rauni. Mutanen sun yi yawa, kuma sarautu suna rikita wanda bai saba da su ba, har wani ɗan wasa ya riƙa kiran Makama da Madaki, abin da ya kusa sa su kai sirri gidan da bai dace ba. Aka gyara da kati ɗaya ga kowane mutum a tsakiyar tebur, da sarautarsa da wata alama ta jiki da kalar ɓangarensa, ana juya katin idan ya sauya sheƙa. Da za a sake, da na ce a rage masu zaɓe su zama uku a ƙara wa Sallama nauyi, ko da an rasa kunnen dokin. Na biyu, mutum biyu a rukunin sun gina jarumansu ne don faɗa, kuma zama biyu a jere ba a zare takobi ba sai suka fara duba waya. Ba a ƙirƙiro musu 'yan fashi daga sama ba, an ɗauko faɗan daga cikin rikicin: kwanton ɓauna a mashigin kogi don a ƙwace wasiƙa, da tsare ƙofar barga a daren da mahayan Ɗan Iya suka zo kwance dawaki, inda abin da ake so shi ne a hana dawakin fita ba tare da an kashe ɗan kowa ba, domin gawa ɗaya daga gidan sarauta za ta cike agogo biyu a take.

Yadda abin ya ƙare ba ya cikin takardar jagora. Jaruman sun rabu biyu a ra'ayi, uku suna ganin rantsuwar marigayi ta ɗaure gari, biyu suna ganin Ɗan Iya zai sayar da masarautar ga masu binsa bashi. Suka matsa wa Makama da abin da suka ji daga gawar har ya yarda ya ƙaurace wa zaman zaɓe, suka samo wa Madaki takardarsa daga hannun Magajiya, wadda ba wanda ya yi zaton tana da ikon bayarwa sai da suka lura ita za ta riƙe yaron, aka wayi gari Madaki da Durɓi suna gefe ɗaya, Ƙaura shi kaɗai. Aka naɗa yaron kwana ɗaya kafin wata ya tsaya, Ciroma ya karɓi waziranci yana cije baki, alkyabba ta iso daga ƙetare tare da mahaya da yawa fiye da yadda rakiya ke buƙata. Agogon Ɗan Iya yana da gida biyar a cike a lokacin, ya kuma cika a daren naɗin, ya fita ta ƙofar gabas da waɗanda suka bi shi. Jagoran ya riga ya rubuta, yana kallon abin da ya faru a Garko, wanda zai karɓi tafiyar idan Ɗan Iya ya mutu a hanya, wata ƙanwarsa ce da jaruman suka taɓa ceto a mashigin kogi, kuma a zama na gaba saƙonta na kalma 25 ne zai fara isowa ga mai asirin.